Ɗingishi, tangaɗi, taga-taga: Yadda ake karanta ciwo a tafiya a kudancin Kano

A gidajen rediyo da shafukan labarai, kalmar tangal-tangal ta kusa zama mallakin 'yan siyasa da masana tattalin arziki. Yau Naira ce ke tangal-tangal, gobe kujerar shugaban jam'iyya, jibi kuma a ce aikin hanya na tafiyar hawainiya. Duk aro ne. Asalin kalmar ta mutum ce mai ƙafa biyu, wanda ya miƙe tsaye jikinsa ya ƙi tsayuwa wuri ɗaya.

A ƙauyukan da ke kewaye da dajin Ɗansoshiya a Ƙaramar Hukumar Kiru, da maƙwabtansu na Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, irin waɗannan kalmomi na nan da ma'anarsu ta farko. Yanki ne da ƙafa ce jarin mutum: manomin shinkafa a Tudun Wadar Ɗankadai, masunci a bakin madatsar ruwa ta Tiga, makiyayi a gefen dajin Falgore, da matar da ke ɗauko ƙwaryar nono daga ruga zuwa kasuwa. Manyan asibitoci masu na'urori suna Kano da Zariya. Kafin a kai ga can, ido ne ke fara duba maras lafiya, baki kuma ya ba abin da ido ya gani suna. Sunan da aka zaɓa shi ke yanke hukuncin inda za a nufa da shi: wajen mai ɗori, ko kemis, ko malam, ko asibiti, ko kuma a bar shi kwance a gindin bishiya a ce maye ne zai sake shi.

Kowace tafiya da sunanta

Mai ɗingishi hankalinsa na jikinsa. Ƙafa ɗaya ce ke ciwo ko ta gaza 'yar'uwarta tsawo, sai ya riƙa ɗora nauyinsa a kan ɗayar. Ya san inda zai taka, ya kuma san inda ba zai taka ba. Idan zafin ya kai ba ya iya aza tafin ƙafar gaba ɗaya, sai a ce yana ɗosana ta, kamar wanda ƙaya ta karye a dunduniyarsa.

Mai tangaɗi kuwa ƙafafunsa kalau suke. Daga sama matsalar ta sauko: jiri, ko hajijiya, ko yunwa, ko abin da ya sha. Jiki ya karkata dama, ya dawo hagu, ƙafa na bin sa a baya tana neman tare shi. Layi ɗan'uwan tangaɗi ne na kusa. Tambele ya ɗara su, don shi har da surutu da wurga hannu da neman rigima, shi ya sa ba a cika jingina shi ga kowa ba sai wanda ya bugu. Taga-taga kuma ba ta daɗewa. Mutum ya yi tuntuɓe ko an bangaje shi, ya yi taku uku ko huɗu da sauri yana neman abin dafawa, ko ya tsaya ko ya sha ƙasa. Wanda ke wandar-wandar, sawunsa ne ya kasa miƙewa, kamar mai koyon keke.

Akwai waɗanda ba ciwo a cikinsu, gini ne ko gajiya. Ƙato mai jiki ya taho buguzum-buguzum, babu tsari. Mai ɗauke da buhun masara daga gona ya taho tinƙis-tinƙis. Yaro ya bar rarrafe ya fara tatata, yana yi yana faɗuwa ana yi masa tafi. Mai tsohon ciki tana tafiyar agwagwa. Wanda maruru ya fito wa a cinya yana tafiyar 'yan kaciya, ƙafa a gwale.

Abin dariyar shi ne, karkatar da ake kira tangaɗi a jikin wani, ita ake kira rangaji ko rangwaɗa a jikin amarya. Niyya ce ta raba su. Ita ta so ta karkata, shi kuma karkatar ce ta zo masa.

Masana nahawun Hausa suna kiran kalmomi irin su buguzum-buguzum da tinƙis-tinƙis da taga-taga amsa-kama, wato kalmar da jin ta kawai ke zana maka siffar abin. Ko wanda bai taɓa jin buguzum-buguzum ba, ba zai ɗauka siririyar yarinya ake nufi ba. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 ya tattara ɗimbin irinsu, haka ma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006. Sai dai a ƙamus kwance suke. A kara da ruga da tsakar gida ne suke aiki.

Makiyayi daga baya yake duba garke

A 2020 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta buɗe matsugunin makiyaya na Ruga a dajin Ɗansoshiya, da nufin zaunar da su wuri ɗaya. Tun kafin hakan, wannan sashe na kudancin Kano, daga Kiru har Falgore, wurin kiwo ne da mashigar shanu. A wajen mutanensa, karanta tafiya sana'a ce.

Makiyayi ba ya jiran saniya ta kwanta. Da safe idan garke ya tashi, wadda ta rage a baya ita yake kallo. Idan shanu da yawa suka fara ɗingishi lokaci ɗaya, suna ɗaga kofato kamar masu taka garwashi, ga dalala na zuba, ya san boru ne, ciwon nan da ke fitar da ƙuraje a baki da tsakanin kofato. Ba kasafai yake kashe manyan shanu ba, amma yana ƙafar da nono, yana kashe 'yan maruƙa, kuma yana bin garke kamar wutar daji.

Idan kuwa ɗan maraƙi ne guda, lafiyayye mai ƙiba, ya wayi gari yana jan ƙafa ɗaya, cinyarsa ta kumbura, in an danna ana jin ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin fata, wannan harbin daji ne. Kwana ɗaya ko biyu ya isa ya kashe shi. Akwai allurar rigakafinsa, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana yin ta. Sammore, wanda ƙudan tsando ke kawowa, salonsa daban: saniya ta rame a hankali, ta yi ta tafiya lakakai-lakakai har ta kasa bin 'yan'uwanta. Da damina kuma laka kan ruɓar da kofaton tumaki da awaki.

Duka huɗun, baƙo zai ce dabba ba ta tafiya daidai. Makiyayi ya san uku daga ciki za su ba shi lokaci, ɗaya ba zai ba shi ba.

Haka a kasuwar dabbobi. Dillali ba ya sa baki a ciniki sai an kora sa ko rago ya yi 'yan taku a gabansa. Gab da Babbar Sallah abin ya fi tsanani, domin a fiƙihu dabbar da gurguntakarta ta bayyana, har ba ta iya bin garke, ba ta isar wa mutum layya. Ɗan ɗingishin da ba ya hana ta bin sauran ba ya ɓata ta. Ke nan tun ƙarnoni da suka wuce malamai suka ga buƙatar a bambance ɗingishi da ɗingishi.

Kwana 14

Inda kalma ta fi tsada shi ne a kan yara.

Sunan da Hausawa suka ba cutar foliyo, shan inna, ya fito ne daga tsohon imanin cewa wata aljana, Inna, ita ke shanye ƙafar yaro. A bori ana kuma kiran ta Doguwa, sunan da ya yi kama da na ƙaramar hukumar ba tare da ita ake nufi ba. Mai binciken al'adu Elisha Renne ta yi dogon bayani a kan wannan imani a littafinta na 2010 kan siyasar foliyo a Arewacin Najeriya, wanda ta yi yawancin aikinsa a Zariya.

A lura da abin da sunan ke siffantawa: ƙafar da ta riga ta shanye, ta motse, ta zama siririya. Wannan siffa sai bayan watanni take bayyana. Ranar farko ba haka abin yake ba. Yaro ya yi zazzaɓi, bayan 'yan kwanaki uwa ta tsayar da shi ya sulale, ta sake tsayar da shi ya sake sulalewa. Ƙafar ba ta kumbura ba, babu rauni, in an mintsine ta yana ji, amma ta saki, ta langaɓe kamar tsumma. Yawanci ɓangare ɗaya ya fi ɗayan.

Wannan "ta saki" ko "ta langaɓe" ita ce kalmar da ma'aikatan lafiya ke farauta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, duk yaron da bai kai shekara 15 ba, wanda hannu ko ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a kai rahotonsa ga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Za a ɗauki bayan gidansa sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24 a tsakani, cikin kwana 14 da fara ciwon, a sa a akwatin ƙanƙara a aika ɗakin gwaji a Ibadan ko Maiduguri. Bayan kwana 14 ƙwayar cutar kan ragu a bayan gida, gwajin ya rasa ƙarfi. Shi ya sa aka jawo masu ɗori da masu maganin gargajiya da masu kemis da ungozoma cikin masu kai rahoto, tunda su ake fara kai wa yaron.

Yawancin yaran da aka gwada, ba foliyo ake samu ba, kuma haka ake so. Amma idan aka samu ɗaya, ba shi kaɗai ba ne. Cikin kusan mutum 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, ɗaya ne take shanye wa gaɓa har abada. Yawancin sauran suna yawo da ita lafiya lau suna yaɗawa. Yaro guda da ƙafarsa ta saki a wata ruga, labarin ƙauyuka goma yake bayarwa.

Kano ta san kuɗin wannan darasi. A 2003 jihar ta dakatar da rigakafin foliyo saboda zargin an gurɓata shi, ba a dawo da shi ba sai a Yulin 2004. A tsakanin nan da bayansa cutar ta tsallaka daga Arewacin Najeriya zuwa ƙasashe da dama, har Yemen da Indonesiya. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta shanye a Jihar Kano an same shi ne a Yulin 2014 a Ƙaramar Hukumar Sumaila, wadda dajin Falgore ya haɗa ta da Tudun Wada da Doguwa. A 2016 ta sake ɓulla a Borno. Sai a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Duk da haka ba a rufe littafin ba, domin akwai wani nau'in da kan rikiɗe ya yi ƙarfi a wuraren da yara da yawa ba su samu rigakafi ba, kuma har yanzu ana cin karo da shi a jihohin Arewa maso Yamma, Kano na ciki. Yaran rugage da ke tashi daga wannan daji zuwa wancan suna cikin waɗanda aka fi tsallakewa.

To a nan ne bakin uwa da kunnen ma'aikaci ke iya saɓawa. Uwa ta ce yaro yana ɗingishi. Ma'aikacin da ke gaggawa ya rubuta maganin ciwon jiki. Ɗingishi kuwa kalma ce mai faɗi. Yaron da allura ta taɓa wa jijiya a ɗuwawu yana ɗingishi, amma nasa tafin ƙafar ne ke reto, sai ya ɗaga gwiwa sama ya yar da ƙafar. Mai amosanin jini da kan ƙashin ƙugunsa ya fara lalacewa yana ɗingishi, amma nasa da zafi a matsematsi, kuma a hankali ya zo. Wanda ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya ɓoye wa iyayensa, shi ma yana ɗingishi. Tambaya biyu ke raba su, kuma ba sa buƙatar na'ura: yaushe ya fara, kuma zafi yake ji ko ƙarfi ne babu?

Gwame da bakan ƙafa su ma ana yawan barin su a matsayin halitta ko gado. Wani lokaci haka ne, yaro ya miƙe da kansa yayin da yake girma. Wani lokaci kuma ƙashi ne ya yi laushi. Wani bincike da Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa a yaran Najeriya masu wannan larura ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban dalili, kuma ba su kalsiyam ya fi ba su bitamin D kaɗai amfani. Nono na cikin abincin da ya fi kalsiyam. A yankin da ake tatsar sa kowace safiya a kai kasuwa, abin a tsaya a duba ne nawa ke saura a ƙwaryar yaran gida.

Ba duk mai tangaɗi ne ya sha ba

A cikin shekarun nan tangaɗi ya samu sabuwar fassara a Kano, kuma fassara ɗaya tak. Da an ga matashi yana layi a bakin titi, an gama shari'a: ya sha. Ba a rasa dalili ba. Bayan rahoton binciken BBC kan maganin tari mai kodin, Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. A garin Kiru ma akwai makarantar gyaran tarbiyya ta gwamnatin jiha, inda ake kai matasan da shaye-shaye ya kama. Mutanen yankin sun ga tangaɗin maye har sun gaji da gani.

Haɗarin shi ne, ba maye kaɗai ke sa tangaɗi ba. Mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba, sugansa ya faɗi, yana tangaɗi, yana gumi, maganarsa na sarƙewa, har yakan yi faɗa. Kama da mashayi ba ta wuce haka ba, alhali ruwan sukari ko lemon kwalba, idan yana iya haɗiya, zai iya dawo da shi cikin mintuna. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta fara kamawa yana tangaɗi, baki ya karkace, hannu ɗaya ya yi nauyi, kuma kowace awa da ta wuce wani sashe na ƙwaƙwalwarsa ke tafiya. Ɗan acaɓa da ya faɗi a hanyar Kwanar Dangora ya bugu a ka, ya tashi ya karkaɗe riga, zai iya fara layi bayan awa biyu saboda jini na taruwa a cikin kansa. Manomin da ya wuni yana feshin maganin ƙwari a gonar shinkafa ba tare da rufe hanci ba, shi ma yakan dawo gida da jiri da amai da dalala. Da bazara ga sanƙarau.

Tsofaffi sun fi matasan yanzu taka-tsantsan a nan. Sukan ce wane jiri ke ɗibarsa, ko ƙafarsa ba ta ɗaukarsa, ko yana jan ƙafa, kowanne da inda ya dosa. Jan ƙafa a bakinsu shi ne tafiyar wanda ɓarin jikinsa ya taɓu, yana zagayo da ƙafar ta gefe, hannu a lanƙwashe a ƙirji. Dattijon da takalmin silifa ke zare masa a hanya bai sani ba, suna lura da shi, kuma likita zai ce a gwada sugansa, domin jijiyoyin tafin ƙafa ne suka fara mutuwa. Idan duk waɗannan suka narke suka koma "ya bugu", an yi asarar abin da ya fi kalma.

Inda kalmar ke zama suna

Akwai ɓangaren da ba shi da daɗin faɗa. Kalmomin da ke da kaifin siffanta tafiya, suna da kaifin yanka. Yaro ya shiga makaranta yana dafa gwiwa da hannu kafin ya yi taku, kafin mako ya ƙare 'yan ajinsu sun iya kwaikwayonsa. Gurgu ya maye gurbin sunan yanka, ya bi mutum har furfura. Harshen kansa ya saba da haka: shawarar da ba ta yi ba gurguwa ce, fahimtar da ta karkace gurguwa ce. A fina-finan barkwanci ɗingishi da tangaɗi suna cikin hanyoyi mafi arha na sa mutane dariya.

A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Doka na iya tilasta wa ma'aikata ta gina wa keken guragu hanyar hawa. Ba ta isa zauren da ake raɗa wa yaro laƙabi ba.

Wannan ba'a tana da farashi a fannin lafiya. Uwar da ta san abin da za a kira ɗanta, da abin da kishiya ko dangin miji za su ce game da ita, takan ajiye shi a ɗaki ta ce ƙila gobe ya miƙe. A yi hayaƙi, a yi rubutu, a jira ranar kasuwa a je wajen mai ɗori. Idan an yi sa'a mai ɗorin na cikin waɗanda aka horar, zai taɓa ƙafar ya ga babu karaya babu targaɗe, ya ce a kira jami'in ƙaramar hukuma. Idan ba a yi sa'a ba, zai ɗaure ta da kara. Yarinya ta fi shiga wannan hali, don ana tunanin aurenta tun tana goye.

Wasu larurorin ma gyaruwa suke idan an zo da wuri. Jaririn da aka haifa da tafin ƙafa a murɗe, ana iya miƙar da shi da filasta da ake sauyawa mako-mako, ba tare da babbar tiyata ba, kuma ana yin wannan aiki a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. A watannin farko na haihuwa ya fi sauƙi, lokacin da ƙashi ke da taushi. Yawancin iyaye a karkara kuwa sai yaro ya fara tatata, sun ga yana taka gefen ƙafa, sannan suke tambayar kuɗin mota zuwa Kano.